An Ɗage Ka a Amurka, An Ba Ka Gurbi a Abu Dabi ko Landan: Wanne Za Ka Riƙe?

A tsakiyar watan Disamba ne jami'o'in Amurka ke fitar da sakamakon ɗaliban da suka nemi gurbi da wuri, waɗanda suka miƙa takardunsu tun farkon Nuwamba. Wanda aka ɗauka yadda ya nema ya san inda ya dosa. Wanda aka ƙi ma, duk da ciwon abin, ya samu sararin juyawa wani wuri. Mai shiga tsaka-mai-wuya shi ne wanda wasiƙarsa ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ko dai a ce an ɗage maganarka sai Maris, za a sake duba ta tare da ta sauran dubban masu nema, ko kuma a ce an ɗauke ka amma ba Boston ko New York za ka sauka ba, Landan za ka fara, ko Abu Dabi, ko Shanghai. Wani ma duka biyun ke samun sa a mako guda daga jami'o'i daban-daban, ga kuma wa'adin zagaye na biyu na nema da wuri yana jiran sa a farkon Janairu.

Kusan duk shawarwarin da ke yawo a intanet kan wannan batu ɗan Amurka aka rubuta wa, wanda ba ruwansa da biza, kuma gwamnatinsa ke ba shi rancen karatu. Ɗan Kano ko Maraɗi da ya kwashe su yadda suke, lissafin wani zai yi a aljihunsa.

Kafin komai, ka san irin alkawarin da ke wuyanka

Neman gurbi da wuri iri biyu ne. Akwai mai ɗaure mutum, wanda ake taƙaita sunansa da ED: kai da mahaifinka ko mahaifiyarka da malamin da ke kula da takardunka a makaranta duk kun sa hannu cewa in an ɗauke ka za ka je, kuma za ka janye takardunka daga sauran jami'o'i. Akwai wanda ba ya ɗaurewa, EA, inda ake ba ka amsa da wuri amma kana da dama har 1 ga Mayu kafin ka ce ka karɓa. Harvard da Yale da Princeton da Stanford suna tsakani: ba sa tilasta maka zuwa, amma suna hana ka neman gurbi da wuri a wata jami'a mai zaman kanta a lokaci guda.

Da zarar an ɗage ka, alkawarin ED ya warware. Ko sun ɗauke ka a Maris, kana da 'yancin cewa ka gode. Inda ake yawan ruɗewa shi ne wanda ya nemi babbar harabar jami'a ta ED sai aka tura shi reshe ko wani shiri dabam. Kada ka ɗauka alkawarin ya bi ka can, kada kuma ka ɗauka ya sake ka. Ka karanta wasiƙar layi-layi, ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai tambaya ta imel, ka ajiye amsar da suka rubuto.

Ɗagewa: nawa ne darajarta?

Ya danganta da wa ya ɗage ka. A Disambar 2023 Harvard ta samu masu nema da wuri 7,921, ta ɗauki 692, ta ɗage kusan kashi 83 cikin ɗari. A wannan watan Yale ta ɗage kashi 20 kacal, ta sallami kashi 70 nan take. Ka ga ɗagewar Yale tana nufin an tsaya a kan fayil ɗinka an yi jayayya, ta Harvard kuwa kusan kowa ya samu. Georgetown ta daɗe da al'adar ɗage duk wanda ba ta ɗauka ba a zagayen farko. MIT tana wallafa alƙalumanta, kuma suna da sanyaya gwiwa: a shekarar, cikin kusan 8,000 da ta ɗage, kimanin 200 ne suka samu shiga a Maris. Mutum biyu zuwa uku ke nan a cikin ɗari.

Amma fa jira ba ya cin ko sisi, shi ya sa ban ga dalilin janye takarda don fushi ba. Aikin da ke gabanka kaɗan ne. Na farko, sakamakon zangon farko na aji shida, wanda makarantarka za ta tura. A nan ne namu ke yawan makara: sakamakon Amurka yana fitowa daidai lokacin da makarantu ke rufewa don hutun ƙarshen shekara, shugaban makaranta ya yi tafiya, hatimi na kulle a ofis, malamin da ke da kalmar sirrin shafin ya tafi garinsu. Ka same shi tun kafin a tashi, ku tsayar da ranar da zai tura. Na biyu, gajeriyar wasiƙa da ke nuna har yanzu kana so, in jami'ar tana karɓa. MIT fom take bayarwa a cike a Fabrairu, wasu kuma suna cewa kada a turo komai, kuma in sun ce haka da gaske suke. Wasiƙar ba wurin roƙo ba ce, ba kuma wurin maimaita tarihin jami'ar ga masu ita ba. Sakin layi biyu ko uku sun isa: abin da ya ƙaru tun Nuwamba, kamar gasar da ka ci ko sabon makin SAT (jarabawar shiga jami'o'in Amurka) ko aikin da ka kammala, sai dalili guda takamaimai da ya sa kwas ɗinsu ya dace da kai. In ba abin da ya ƙaru, ka gajarta.

Sauran ƙarfinka ka zuba shi a fom ɗin zagayen gama-gari na sauran jami'o'i, waɗanda yawancinsu ke rufewa daga 1 zuwa 15 ga Janairu. Ɗan Najeriya kuma ya yi rajistar JAMB idan an buɗe, ko da zuciyarsa na waje.

Ɗaure kai karo na biyu

Jami'o'i da dama, irin su NYU (Jami'ar New York) da Northeastern da Vanderbilt da Johns Hopkins da Chicago da Emory, suna da zagaye na biyu na ED. Ana nema a Janairu, amsa ta fito wajen tsakiyar Fabrairu. Wanda aka ɗage yana da damar shiga, kuma gaskiya ne jami'o'i suna son wanda ya yi musu alkawari, don sun san kujerar ba za ta zauna fanko ba. Sai dai in suka ɗauke ka, dole ka janye daga ko'ina, har da inda aka ɗage ka. Ba za ka taɓa sanin abin da Maris za ta kawo ba.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya a manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu sun kai dala 90,000 a shekara. A canjin naira 1,500, miliyan 135 ke nan, sau huɗu. Wanda ya ɗaure kansa ya rasa damar jera wasiƙun tallafi uku ko huɗu ya ga wacce ta fi. An yarda ka warware alkawarin in tallafin bai isa ba, amma kafin nan lokaci ya ja, kuma sunan makarantarku na iya ɓaci a wajensu in suka ga kamar wasa aka yi. Sannan yawancin jami'o'in suna duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi: yawan tallafin da ka nema, raguwar damarka. 'Yan ƙalilan ne ba sa dubawa kuma suna cike duk giɓin da aka tabbatar, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin, sai Brown da Notre Dame da suka shigo daga baya. A cikinsu Bowdoin tana da zagaye na biyu. Ra'ayina, ɗalibin da gidansu ba za su iya biya ba kada ya sa hannu a zagaye na biyu sai ga jami'ar da ta rubuta ƙarara cewa tana cike wa ɗalibin waje dukkan buƙatarsa.

Gurbin wata ƙasa: abu biyu ne da ake haɗa su a suna ɗaya

A nan nake so a tsaya, don a nan ake yin kuskure mai tsada.

Iri na farko shi ne "fara a can, ka ƙarasa a Amurka". Northeastern ta yi fice a wannan: shirinta na N.U.in yana kai ɗalibi zangon farko wata ƙasa, kamar Girka ko Italiya ko Ayilan, sannan ya shiga Boston a Janairu. Tana da wani shirin na shekara guda a harabarta ta Landan, da wanda ake raba shekarar tsakanin Landan da Oakland a Kalifoniya. NYU ma tana tura wasu 'yan shekarar farko Florence ko Madrid ko Landan kafin su dawo New York. Ga ɗan Amurka wannan yawon buɗe ido ne da aka haɗa masa da karatu. Ga mai koren fasfo kuwa, biza biyu ce: ta Turai ko Birtaniya a Agusta, sannan ta Amurka bayan wata huɗu ko shekara. In ta biyun ta ƙi, ka biya kuɗin zango ko biyu a farashin Amurka, kana riƙe da makin kwasa-kwasan da ba lalle wata jami'a ta karɓa duka ba. Northeastern kuma tallafinta ga ɗaliban waje na hazaƙa ne, ba na duba ƙarfin gida ba, kuma ba ya kusa da rufe kuɗin.

Iri na biyu cikakken reshe ne, inda za ka yi shekara huɗu ka karɓi digiri. NYU Abu Dabi ta buɗe a 2010, ta koma harabarta ta tsibirin Sa'adiyat a 2014. NYU Shanghai ta karɓi ɗalibanta na farko a 2013. Duke tana da nata a Kunshan, kusa da Shanghai, inda aka fara digirin farko a 2018. A Doha kuwa, unguwar jami'o'i da Gidauniyar Katar ta gina ta tara Georgetown mai koyar da harkokin ƙasa da ƙasa, da Carnegie Mellon mai kwamfuta da kasuwanci da kimiyyar halittu, da Northwestern mai aikin jarida da sadarwa, da Weill Cornell mai likitanci na shekara shida. Waɗannan na Doha fom ɗinsu da wa'adinsu daban ne, ba tura ka ake yi ba. NYU ce ke barin ka zaɓi haraba fiye da ɗaya a fom guda, shi ya sa wanda ya sa New York a gaba kan wayi gari da tayin Abu Dabi ko Shanghai.

Wasu iyaye kan ji kamar an rage wa ɗansu daraja, an ba shi "na biyu". Ba haka ba ne. Digirin da ake bayarwa na uwar jami'ar ne, kuma shiga NYU Abu Dabi ba ta fi shiga ta New York sauƙi ba. Na Shanghai da Kunshan ma digiri biyu ake fita da su, na Amurka da wanda hukumomin Sin suka amince da shi, sai dai dole ka koyi Sinanci.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya

A Yunin 2025 gwamnatin Trump ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, cikinsu har da Chadi da Sudan. Ranar 16 ga Disamba 2025, wato a makon da sakamakon masu nema da wuri ke fitowa, aka faɗaɗa jerin: Nijar ta shiga sahun cikakken hani tare da Mali da Burkina Faso, Najeriya kuma ta shiga sahun hanin wasu nau'o'in biza, har da bizar ɗalibai, daga 1 ga Janairu 2026. An keɓe wanda ke da biza mai aiki kafin ranar, da mai fasfo na biyu na ƙasar da ba ta cikin jerin. Gana da Kamaru ba su shiga wannan jerin na Disambar 2025 ba. Tun kafin wannan ma, a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku da shiga sau ɗaya, aka kuma fara buƙatar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba.

Irin waɗannan dokoki da sa hannu guda ake kafa su, da sa hannu guda ake ɗage su, don haka ranar da za ka yanke shawara ka buɗe shafin ofishin jakadancin Amurka ka ga inda aka kwana, ko ka tuntuɓi cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas. Amma ma'anarsu a fili take. Wasiƙar jami'a ba biza ba ce. Jami'a tana ba ka takardar I-20 ne kawai, wato shaidar ɗaukarka da ake neman biza da ita, ka biya dala 350 na rajistar ɗalibai da 185 na neman biza, sauran yana hannun jami'in da ke bayan gilashi. Matuƙar hanin na aiki a kan fasfonka, jiran Maris jiran gurbin da ƙila ba za ka iya zama a kansa a Agusta ba ne, shirin "fara a Landan" kuma hanya ce da ƙarshenta ke ƙofar da aka rufe. Cikakken reshe ne kaɗai a cikin zaɓin ba ya buƙatar ka taka Amurka kafin ka karɓi digiri. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle akurkin da makullinsa ke hannun wani.

Wanda jami'ar Amurka ta ɗauka kuma biza ta gagara, ya nemi a jinkirta masa shiga da shekara guda. Jami'o'i da yawa suna yarda, amma ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin kama gurbi, wanda ba a mayarwa, kuma ka tambaya ko tallafin zai jira ka ko sai ka sake nema.

Abin da reshe ba zai ba ka ba

Kada a ce na yi wa Abu Dabi da Doha talla. Izinin aiki na bayan karatu a Amurka, na wata 12 da ƙarin 24 ga masu kimiyya da injiniyanci, na wanda ya yi karatunsa a cikin Amurka da bizar ɗalibi ne. Digirin NYU da aka yi a Sa'adiyat ba ya kawo shi. Wanda burinsa aiki a kamfanin Amurka ya san wannan tun yanzu. Haka komawa New York daga baya ba haƙƙinka ba ne, sabon nema ne ba tabbas. Zangon da ake zuwa wata harabar ma, in Amurka ce, biza yake buƙata, sai ka zaɓi Akara ko Landan ko Berlin.

Kwasa-kwasan reshe ba su da yawa. In ka shiga Georgetown ta Doha sannan ka gane injiniyanci kake so, ba inda za ka juya a cikin gida. Reshe kuma yana rayuwa ne da yarjejeniya tsakanin jami'a da mai masauki, yarjejeniya kuwa tana ƙarewa. A Fabrairun 2024 hukumar jami'ar Texas A&M ta yanke rufe reshenta na Katar zuwa 2028, bayan sama da shekara 20. Kwalejin Yale-NUS ta Singafo, da aka sanar da rufe ta a 2021, ta yaye ɗalibanta na ƙarshe a 2025. A duka biyun an bar waɗanda ke ciki su gama, amma ba daɗi ka zama ɗan makarantar da ba ta da 'yan baya. Ga dokokin ƙasa: zanga-zanga da sukar gwamnati da ɗalibi zai yi a Amurka, a Daular Larabawa ko Sin na iya jawo kora daga ƙasar. Yankin Tekun Fasha ma ba ya rasa tashin hankali, a 2025 kaɗai an harba makamai kan ƙasar Katar sau biyu, a Yuni da Satumba.

A ɗaya ɓangaren, akwai sauƙin da iyaye ke gani nan take, musamman iyayen 'ya mace: masallaci a cikin haraba, abinci ba sai an tambayi yanka ba, azumi tare da gari, ɗakunan kwana na mata daban a Doha. Jirgin Qatar Airways yana zuwa Abuja da Kano, tafiyar ba ta kai rabin wahalar ta Boston ba. Ba ƙaramin abu ba ne ga yaro ɗan shekara 17, amma shi kaɗai bai isa dalili ba.

Wasiƙar tallafi ce za ta raba gardama

Ka ɗauki biro ka raba abin da aka rubuta gida uku: kyauta, rance, da kuɗin aikin da za ka yi a haraba. Na farko ne kawai ke rage abin da Baba zai fitar. Ka duba ko kyautar ta shekara huɗu ce ko ta ɗaya, da makin da ake so ka riƙe don kada a yanke ta, da ko ta haɗa ɗaki da abinci da tikitin jirgi da inshora. NYU Abu Dabi ta yi suna wajen tallafi mai kauri ga wanda ya nuna buƙata, amma naka ne abin dubawa, ba na wani da ya gama shekarun baya ba. Gidauniyar Katar tana da rance marar ruwa, wanda ake iya biya da kuɗi ko a rage shi ta yin aiki a Katar bayan kammalawa. Ga gidan da ke guje wa riba wannan babban sauƙi ne, amma rance ne, kuma yana iya riƙe ka a ƙasar wasu shekaru.

Mai niyyar dawowa gida ya ƙara tambaya guda. Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin bautar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarabawar hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, kafin ya taɓa majinyaci. Wannan ya shafi na Boston da na Doha daidai wa daida.

In ni ne za a tambaya, ga yadda zan jera su ga ɗan Najeriya ko Nijar ko Chadi ko Sudan mai buƙatar tallafi. Cikakken reshe da kyautar da ta rufe kuɗin shi ne kan gaba, in kwas ɗin da kake so yana can. In tayin bai ɗaure ka ba, ka riƙe shi har 1 ga Mayu, ka bar takardar da aka ɗage ta yi ta tafiya, ka ga abin da Maris da ofishin jakadanci za su ce. In ya ɗaure ka kuma kuɗin ya yi, ka karɓa ka janye sauran. Zagaye na biyu na ED sai ga jami'ar da ke cike giɓi duka, kuma ta yarda a rubuce za ta jinkirta maka shiga in biza ta hana. Shirin fara a Turai ka ƙarasa a Amurka shi ne na ƙarshe, sai ga mai fasfo na biyu ko gidan da asarar kuɗin shekara guda ba za ta girgiza ba. Ɗan Gana ko Kamaru, da wanda aka haifa a Amurka yake da fasfonta, su ne za su iya auna jiran Harvard da tayin Abu Dabi a kan kwas da kuɗi kawai.